Masu Tona Asirin Magina a TikTok: Wa Ya Aike Su?

TAMBAYA

Kwanakin nan nakan ci karo da bidiyon wasu mutane a ƙasashen Turawa, a TikTok da Facebook, suna shiga sababbin gidaje da 'yan na'urori a hannu, suna nuna bangon da ya karkace, da rufin da ke yoyo, da banɗakin da ruwa ke kwanciya a ciki, suna ta faɗa. Shin ma'aikatan gwamnati ne? Da gaske ana irin wannan ha'inci a ƙasashen da muke ganin sun ci gaba, ko shiri ne kawai na neman mabiya? Kuma ba a kai su kotu? Na yi tambayar ne domin ni ma ina da ɗan gini a hannu, ya kai linta, kuma ba kullum nake samun zuwa wurin ba.

Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA

Allah ya sa a gama lafiya, a tare lafiya.

Ba gwamnati ce ta aike su ba. Masu sana'a ne masu zaman kansu, kuma mai gida ne yake ɗauko su da kuɗin aljihunsa su duba masa aikin da kamfanin gini ya yi, kafin ya biya cikon kuɗi ya karɓi makulli. Abin da suke sayarwa shi ne rahoto, wani lokaci shafi talatin ko fiye, cike da hotuna, kowane aibi an ajiye shi gefen ƙa'idar da ya saɓa wa. Bidiyon da kake gani talla ce. Sai dai tallar ta yi ƙarfi har ta fi hajar suna.

Uku daga cikinsu sun fi fice. A birnin Melbourne na Ostireliya akwai Zeher Khalil na kamfanin Site Inspections, mai baƙar falmaran da kyamara a ƙirji, wanda duk abin da ya taɓa sai ka ji ya ce bai cika ƙa'ida ba, har yaran ƙasar suka mai da maganar abin barkwanci. A Birtaniya akwai Orlando Murphy na New Home Quality Control, a jihar Arizona ta Amurka kuma akwai Cy Porter. Ba mamaki ɗayansu ne ka gani.

Batun ko da gaske ne, e, da gaske ne. Amma kafin ka gane abin da suke nunawa sai ka san cewa ginin gida a Ostireliya ba irin namu ba ne na bulo da siminti tun daga ƙasa har sama. Can sai a zuba daɓen kankare, a kafa ƙashin gidan da katako, a jera jan bulo layi ɗaya ta waje kamar riga, ta ciki kuma a manna allunan farar ƙasa, a yi fenti. Katakon nan shi ke ɗauke da rufi. Saboda haka babban abokin gabar gidan ruwa ne. In ya samu kafa ya shiga bayan allo, katako ya ruɓe, funfuna ta kama bango, mutanen gida su yi ta tari ba su san dalili ba.

Shi ya sa za ka ga Khalil ya fi daɗewa a banɗaki da baranda. A ƙa'idarsu, kafin a ɗora tayil sai an shafe ƙasan banɗaki da gindin bango da wani abu mai kauri kamar fenti, wanda in ya bushe yake zama fata mai hana ruwa wucewa. Dole ya hau bango zuwa wani tsayi, dole ya rufe kusurwoyi da bakin bututu, kuma dole ƙasan ta gangara zuwa magudana. Aikin yini ɗaya ne ko biyu, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma da zarar mai tayil ya zo ya rufe, shi ke nan, babu idon da zai sake ganinsa. In an yi shi da kyau, babu mai yabo. In an yi algus, sai bayan shekara biyu ko uku ruwa ya ɓullo a silin ɗin ɗakin ƙasa, kuma gyaran ba ya yiwuwa sai an farfasa banɗakin gaba ɗaya. Duk wannan sana'a ta masu duba gini a kan wannan gaɓa ta tsaya, wato tazarar da ke tsakanin ranar da aka yi aiki da ranar da aka rufe shi.

To me ya sa kamfani zai yi gaggawar rufewa? Dubi yadda ake biyansa. A jihar Victoria, inda Melbourne take, doka ta tsara biyan kuɗin gini mataki-mataki: kashi 5 cikin 100 kafin alƙalami, 10 in an gama daɓen tushe, 15 in an kafa katako, 35 in gida ya samu rufi da ƙofofi da tagogi har ana iya kulle shi, 25 in an saka kayan ciki, sauran 10 ranar miƙa makulli. Kamfani ba ya ganin kuɗi sai ya ce mataki ya kammala. Su kuma manyan kamfanonin nan ba su da magina nasu na dindindin. Kafinta daban, mai famfo daban, mai tayil daban, kowa ɗan kwangila ne da ake biya gwargwadon abin da ya gama, sannan a ɗora mutum ɗaya ya riƙa zagaya gidaje da yawa a matsayin mai sa ido. Wanda ya san yadda birkila ke gudu in an ce kuɗinsa a kan kowane bulo ne, ya san sauran labarin.

Sai annobar korona ta zo ta ƙara wa wutar fetur. A watan Yunin 2020 gwamnatin Ostireliya ta fito da shirin HomeBuilder, tana ba mai gina sabon gida tallafin dalar ƙasar 25,000 don kada harkar gini ta durƙushe. Jama'a suka yi ca. Kamfanoni suka sa hannu a kwangiloli barkatai a kan ƙayyadadden farashi, sai katako da ƙarfe suka yi tashin gwauron zabo, ƙwararrun ma'aikata suka yi wuyar samu. Wanda ya yi alkawarin gida a farashin bara, yana sayen kaya a farashin bana, ko dai ya rage wani abu a inda ba a gani, ko ya karye. An ga duka biyun. A ƙarshen Maris na 2023 kamfanin Porter Davis, ɗaya daga cikin manya, ya rushe ya bar gidaje kusan 1,700 ba a gama ba, wasu ma sai a lokacin suka gano ba a yanka musu inshorar da ya kamata ta kare kuɗin da suka fara biya ba.

Za ka ce, to ina hukuma? Nan ne gizo ke saƙar. Tun shekarun 1990 jihohin Ostireliya suka buɗe ƙofa ga masu tantance gini masu zaman kansu, maimakon a bar aikin a hannun ƙananan hukumomi kaɗai. Mai tantancewa yakan zo a matakan da doka ta wajabta, kamar kafin zuba kankare, da bayan kafa katako, da ƙarshen aiki, ya sa hannu. A Victoria an hana kamfani naɗa mai tantancewa a madadin mai gida tun 2016, amma mai gidan da bai taɓa gini ba wa zai tambaya in ba kamfanin ba? Shi kuma wanda abincinsa ya dogara ga kamfanin da ke turo masa aiki ɗari a shekara, da wuya ya zama mai yawan cewa a rushe a sake. Wani rahoto da Peter Shergold da Bronwyn Weir suka miƙa wa ministocin ƙasar a 2018 ya nuna wannan haɗarin ƙarara. A jajibirin Kirsimetin shekarar, dogon benen Opal Tower da ke Sydney, wanda bai cika shekara da kammalawa ba, ya yi ƙara ya tsage, aka kwashe mazauna cikinsa. Bayan wata shida aka kwashe na Mascot Towers. Daga nan jihar New South Wales, inda Sydney take, ta naɗa kwamishinan gine-gine, David Chandler, a 2019.

Ka ga ke nan masu bidiyon ba daga sama suka faɗo ba. Sun samu gurbi ne domin a duk jerin masu zuwa wurin gini, babu wanda kuɗinsa da amanarsa suke hannun mai gida shi kaɗai sai su.

A Birtaniya akwai wani aibi da Murphy ya yi suna wajen tonawa, kuma ni a wurina ya fi kowane ban haushi. Bangon gidajensu biyu ne, na waje da na ciki, da ɗan rata a tsakani. Ruwan saman da ya ratsa na waje yakan gangara cikin ratar, ya fita ta wasu 'yan ƙananan bututun roba da ake sakawa tsakanin bulo, a saman tagogi da gindin bango. Wani magini sai ya manta bai saka ba, ko ya ga ɓata lokaci ne. Maimakon ya fasa ya gyara, sai ya yanke kan robar, ya ƙwaƙule ɗan siminti, ya liƙa shi a fuskar bango. Daga waje ka rantse komai ya ji. Sai mai dubawa ya sa filaya ya zaro ɗan guntu da bai kai gaɓar yatsa ba, bayansa siminti ne toshe. Wanda ya karkatar da bango ana iya cewa hannunsa ne bai faɗa ba. Wannan kuwa ya san abin da ya kamata, ya san amfaninsa, ya zauna ya ƙera na jabu.

Kada ka ɗauka ƙananan 'yan kwangila ne kawai. A 2017 kamfanin Bovis Homes ya ware fam miliyan 7 don gyara da biyan diyyar gidajen da ya miƙa ba su kammalu ba. A Disambar 2019 wani bincike da kamfanin Persimmon ya sa aka yi a kansa ya gano cewa a gidajensa na katako a faɗin ƙasar wani lokaci ba a saka shingen da ke hana wuta bin cikin bango, ko a saka shi ba daidai ba. Wannan fa shekara biyu da rabi bayan gobarar Grenfell da ta ci rayuka 72 a Landan.

Batun kotu kuwa, ana yi musu barazana, wasiƙun lauyoyi ba sa yanke musu. A 2024 kamfanin Taylor Morrison, ɗaya daga cikin manyan masu gina gidaje a Amurka, ya kai ƙarar Cy Porter gaban hukumar da ke ba masu irin sana'arsa lasisi a Arizona, yana zarginsa da ɓata suna da bidiyoyinsa. Hukumar ba ta ƙwace lasisin ba, ƙarar ma sai ta ƙara masa mabiya. Abin da ke kare su shi ne ba sa magana da baki kawai. Ga ma'auni a jikin bango, ga na'urar gwada danshi tana nuna lamba, ga kyamarar da ke ganin zafi da sanyi tana nuna inda aka bar silin babu abin tare sanyi. Gani ya kori ji, kuma da wuya ka yi ƙarar mutum a kan abin da ke cikin gidan da ka gina. Dabarar da kamfanoni suka fi amfani da ita ita ce hana su shiga, ko gindaya sharuɗɗa: ba hawa rufi, ba ɗaukar bidiyo, sa'a kaza kawai. A Birtaniya sai a 2022, da aka kafa ofishin sauraron koken masu sayen sababbin gidaje da sabuwar ƙa'idarsa, mai saye daga kamfanonin da suka yi rajista ya samu haƙƙin kawo ƙwararre ya duba masa gida kafin a kammala ciniki.

Duk da haka, Malam, kada ka haɗiye komai. Gidan da aka duba aka samu lafiya ba ya kawo 'yan kallo, saboda haka ba za ka gan shi ba. Abin da ke zuwa wayarka zaɓaɓɓe ne daga cikin mafi muni. Kuma kyamara ta fi son abin da ido ke kamawa nan take, kamar ƙofar da ta ƙi rufuwa ko fentin da ya ɗiga a taga, alhali waɗannan aikin sa'a guda ne. Ba kowace tsaga ce haɗari ba, sabon gini yakan ɗan tsattsage a filasta yayin da yake bushewa, ƙa'idojin ma sun yarda da ɗan saɓani na 'yan milimita. Sannan a Birtaniya ba sai da lasisin gwamnati mutum zai kira kansa mai duba sabon gida ba, don haka akwai gwani akwai ɗan-ta-more. Wani abin da ke damuna kuma shi ne dariyar takan ƙare a kan kafinta ko mai tayil, wanda aka ba kwana biyu ya yi aikin kwana biyar, shi kuwa wanda ya tsara jadawalin yana ofis. Ko sun kawo sauyi? Sun sa jama'a sun daina jin kunyar kawo mai duba nasu, wannan kam babu shakka. A 2025 Victoria ta maye gurbin hukumar gine-ginenta da wata sabuwa mai ƙarin iko, amma rushewar kamfanoni da binciken 'yan jarida da koken dubban mutane ne suka taru suka kai ga haka, bidiyo ɗaya ne daga ciki.

Yanzu mu dawo kan ginin naka. Matsalarmu ta fi tasu nauyi, domin su funfuna suke kuka da ita, mu kuwa gini ne ke faɗowa a kan mutane. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe sama da mutum 40. Makarantar Saints Academy a Jos ta rufta ranar 12 ga Yulin 2024 ana tsakar karatu, rayuka 22 suka salwanta. Akwai KASUPDA a nan Kaduna mai ba da izinin gini, akwai COREN mai rajistar injiniyoyi da CORBON mai rajistar ƙwararrun magina, amma kai ma ka san mafi yawan gidajenmu daga mai gida sai birkila, in kuɗi ya samu a ɗora layi biyar, in ya yanke a jira albashi.

Darasin da za ka ɗauka daga masu bidiyon biyu ne, kuma ba sai da kyamarar ƙirji ba. Na farko, mai duba maka aiki kada ya zama wanda mai aikin ya kawo. Ko da injiniya ne mai takarda, in ɗan kwangila ne ya ɗauko shi, an ba kura ajiyar nama. Nemo naka, ka biya shi da hannunka kuɗin zuwa biyu ko uku. Na biyu, lokacin zuwansa ya fi yawan zuwansa muhimmanci. Tushenka ya riga ya shige ƙasa, wannan sai addu'a. Amma bangonka har yanzu tsirara yake, don haka kada ka bari a yi filasta sai wani ya zagaya. Filasta ita ce tayil ɗin Ostireliya a wurinmu, tana rufe bulon da aka jera babu siminti a tsakani, da filar da kankarenta ya yi ramuka kamar saƙar zuma har ana hango rodi, da inda mai wayarin ko mai famfo ya sassaƙe fila don ya wuce da bututu.

Bulon ma ka gwada shi. Ka ɗauki ɗaya ka kankare gefensa da ƙusa, in ya zubo kamar garin kwaki, an ja buhun siminti ɗaya ya haifi 'ya'yan da suka fi ƙarfinsa. In bene za ka yi, ranar da ta fi kowace ita ce jajibirin zuba dakin. A ranar ne ake ƙirga rodi, a auna kaurinsa ko milimita 12 ne ko 16 kamar yadda zane ya ce, a duba tazararsa, a tabbatar an ɗaga shi daga katakon ƙasa da 'yan ƙananan dunƙulen siminti, domin rodin da ya kwanta a katako zai fito fili ya yi tsatsa. Washegari kuma ko kai ko wanda ka yarda da shi ya tsaya a wurin kwaɓi. Abin da aka saba a irin wannan aiki shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, sai in injiniya ya faɗi wani abu daban. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙin ɗauka, kuma yawan ruwa ke kashe ƙarfin kankare. Bayan an zuba a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, ya fi muhimmanci ma a zafin bazara ko hunturu mai busar da komai. Kankare sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa, don haka kada ka yarda kafinta ya zare tokara da wuri don yana da wani aiki da ke jiran katakon.

Na taɓa zama a wani gidan haya, sabo fil, da banɗakinsa ya gangara zuwa ƙofa maimakon magudana. Shekara biyu muna wanka da tsintsiya a gefe. Bokitin ruwa ɗaya da an watsa kafin a sallami mai tayil da ya tona asirin. Ka yi wannan gwajin, kuma ka riƙe wani abu daga kuɗin aiki. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi 5 cikin 100 na wasu watanni don gyaran abin da ya ɓullo. Ka faɗa tun farko, gaban shaidu, kada ya zama rigima a ƙarshe.

Tun da ba kullum kake zuwa ba, wayarka ta zama shaidarka. Duk abin da za a rufe, a ɗauke shi hoto tukuna, da abin awo a jiki. Amma ka ajiye shi don kanka da injiniyanka. Kafin ka ɗora sunan wani a intanet, ka tuna da wata mata da 'yan sanda suka kama a ƙasar nan a 2023 saboda ra'ayin da ta rubuta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani. Dokarmu ta laifukan intanet ta 2015 ta sha cin mutane a kan abin da bai kai wannan ba, kuma kai ba ka da lauyoyin da masu bidiyon can suke da su.

In ba bene ba ne, abin da ke gabanka rufi ne. Guguwar farkon damina ba ta da wasa a Kaduna, kowace shekara sai ta yaye kwanukan unguwa guda ta ajiye a titi. Tun yanzu da ake kan linta ka sa a bar wayar ƙarfe ko siririn rodi a cikin kankare, wanda za a naɗe katakon rufi da shi a ɗaure shi da bango. In kafinta ya ce maka ƙusa kaɗai ta isa, ka ce masa ka ji, amma dai a ɗaure.